Baba Bai Sallame Ni Ba

Kurma ne ya kawo mini labarin. Ɗan'uwana ne a sana'a, tare muka koyi ɗinkin takalmi a hannun mutum ɗaya. Ya tsaya a bakin rumfata a kasuwar Kejetia da hantsi, ya ƙi zama. Ya shafa haɓarsa, alamar gemu. Haka yake kiran Baba, ubangidan namu. Na kawar da kai, kamar yadda na saba duk lokacin da ya yi wannan alamar. Ranar bai ƙyale ni ba. Ya kama kaina da hannu biyu ya juyo da fuskata. Ya shimfiɗa tafinsa ɗaya, ya ɗora ɗayan a kai, ya danna kamar mai rufe rami.

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Na faɗa, na ajiye basilla.

Tun jiya da la'asar aka binne shi. Ba wanda ya aiko mini. Ban ga laifin kowa ba, shekara goma sha ɗaya rabona da ƙofar gidansa. Ko da an aiko ma, me zan yi? Gurgu ne ni. Shan inna ta cinye ƙafafuna tun ban yi wayo ba. Sallar gawa a tsaye ake yi, makara a kafaɗa ake ɗauka. Mutumin da ya taɓa goya ni a bayansa, ba zan iya sa masa kafaɗa ba ko taku ɗaya.

Ni ban yi makaranta ba. Wani malami maƙwabcina ne ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Ya ce in fara da shekarar da aka haifi Baba. Ban san ta ba. Na san daga Nijar ya zo Kumasi yana saurayi, da wuƙa da basilla a jaka, bai sake komawa ba. Abin da na gani shi zan faɗa, don kada a binne shi sau biyu.

Ranar sadakar uku muka je, mu tara da muka taɓa zama a shagonsa. Guragu shida, kurame uku. Kowa da rumfarsa yanzu, wani a Buokrom, wani a Asawase, ɗaya daga Techiman ya taso. Muka haɗa buhun shinkafa da goro, muka ɗaure a bayan keken ɗaya daga cikinmu.

An toshe layin gidan Baba a unguwar Akwatia Line da rumfuna da kujerun roba. Muna shigowa da kekunanmu da sandunanmu, sai babban ɗan Baba ya taso. A Accra ya girma wajen ƙanin uwarsa, bai san mu ba. Yana riƙe da faranti na masa.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri, ku koma can gindin bango," ya ce. "Nan wajen masu gaisuwa ne. Za a kawo muku naku."

Ya sunkuyo ya cusa mini takardar kuɗi ta sidi a hannu, ya ɗora masa guda biyu a kai.

Na Buokrom bakinsa ba ya shiru. Ya ce, "Masta, mu ma gaisuwar muka zo. Ga shinkafa can a keke. In akwai mai ƙafa a gidan nan, ya zo ya sauke."

Ɗan ya yi murmushi, bai gane ba. "Allah ya ba mu lada baki ɗaya," ya ce, ya ci gaba da rabo.

Na ajiye takardar a ƙasa, na ɗora dutse a kanta. Masar na riƙe, ita ta mamaci ce, kowa na ci.

Sai muryar Mma, matar Baba, ta fito ta taga. Tana takaba, ba ta fitowa, amma kunnenta na waje.

"Kai! Su wa kake kora? 'Ya'yan ubanka ne. Sun fi ka daɗewa a gabansa."

Ɗan ya tsaya da faranti a hannu, ya rasa inda zai ajiye. Aka kawo tabarmi aka shimfiɗa mana a gaba, kusa da liman.

"Har da mai zuciyar nan?" Mma ta tambaya daga bayan labule.

"Har da ni, Mma."

"Sai yau."

"Sai yau, Mma."

"Ka dawo bayan sadakar bakwai. Kai kaɗai."

Muka zauna muna jin abin da mutane ke faɗa. Liman ya ce Baba bai taɓa rasa sahun farko ba. Dattawan Nijar suka ce mutum ne mai wuyar sha'ani, ko gaisuwa a taƙaice yake yi. Wata Ba'asantiya mai sayar mana da gam ta zo cikin baƙin zane, ta ɗora hannu a ka tana gaisuwar mutuwa da yarensu, "Due o, due," ta ce shekara da shekaru ba ta taɓa ganin haƙorinsa ba, amma ranar da gobara ta ci rumfarta shi ya fara zuwa da katako. Wani baƙo ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya jiƙan mai tausayin guragu." Na Buokrom ya matso kunnena ya ce, "Da tsohon ya ji wannan, da ya taso ya mare shi."

Gaskiya ne. Baba bai taɓa tausayinmu ba.

Wani alhaji mahauci ya kalli takardar da ke ƙarƙashin dutsen, ya yi dariya har ya share ido. Ya ce wa ɗan Baba, "Kada ka ji kunya, ɗana, ni na riga ka. Wata Juma'a na biyo ta shagon, na ga yaran nan a ƙasa suna aiki, na jefa musu kuɗi. Ubanka ya ce, Alhaji, kuɗinka ya faɗi. Na ce sadaka ce. Ya ce, nan shago ne, masallaci na gaba. In takalmi kake so, zauna a auna ka. Wallahi sai da na zauna aka auna ni." Ya ɗaga ƙafarsa. "Har yau a wajensu nake saya."

Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka shafa.

Kowa addu'a ta kawo shi. Ni ma. Amma ni da tambaya na zo, mai amsa ta kuwa yana ƙasa. Duk takwas ɗin nan Baba ya sallame su. Ni bai sallame ni ba. A sana'armu, wanda ubangidansa bai sallama ba yana iya ɗinki ya ci abinci, amma ba ya ɗaukar yaro ya koyar. In iyaye sun zo, abin da suke fara tambaya shi ne, wa ya sallame ka? Ni ba ni da amsa. Na ɗauka Baba ya tafi da ita.

Ina da shekara kamar goma sha huɗu lokacin da ya same ni. Ubana ya rasu, uwata na can arewa, ni ina hannun kawuna a Kumasi. Kowace safiya kawu zai ajiye ni a bakin tashar mota, ya dawo da yamma ya ɗauke ni da abin da aka jefa mini. Da hannu nake tafiya, silifa a tafi, gwiwa a ƙasa. Baba na wucewa kullum. Bai taɓa ba ni ko sisi ba. Na tsane shi.

Wata rana ya tsaya. Bai kalli ƙafafuna ba kamar kowa. Silifan hannuna ya kalla. Hancin ɗaya ya tsinke, na ɗaure da waya.

"Wa ya gyara wannan?"

"Ni."

"Aikin banza." Ya kama yatsuna ya matsa. "Amma hannun na da ƙarfi."

Ya jira har kawu ya zo. Kawu ya ce, "Malam, in ka ɗauke shi daga nan, wa zai ciyar da shi?" Baba ya ce, "Hannunsa." Suka daɗe suna musu. A ƙarshe ya durƙusa ya ce in hau. A bayansa na je Akwatia Line, mutane na kallo. Ranar kaɗai ya goya ni. Yana sauke ni ya ce, "Ka ga hanyar. Gobe kai za ka kawo kanka."

Teburin shagon dogo ne, a tsaye ake aiki ko a kan benci. Ni haɓata ma ba ta kai ba. Baba ya kalli teburin, ya kalle ni. Ya aika aka aro zarto wajen kafinta, ya yanke ƙafafun teburin huɗu, ya fitar da bencin waje. Yaransa masu ƙafa suka yi gunaguni. Ɗaya ya ce, "Baba, saboda mutum ɗaya duk za mu koma ƙasa?" Ya ce, "Ƙofa ba ta da kwaɗo." Biyu suka tafi. Shi ya lanƙwashe ƙafa ya zauna a ƙasa, kuma a ƙasan ya ƙare rayuwarsa, har lokacin da gwiwa ta fara damunsa yana tashi da dafa bango.

Daga nan aka fara kawo masa irinmu. Uwa ta goyo nata, uba ya turo nasa a baro. Bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa cewa sannu ba. Ban san me ya sa yake yi ba. Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Miƙo gam."

Ba ya koyarwa da baki. Kai dai ka zuba ido. In ka gama takalmi ka tura masa, zai juya shi, ya zura ƙafa, ya cire. In bai yi ba, wuƙa zai sa ya yanke hancin, ya turo maka. Kalma biyu yake faɗa, "Yana ci." Wato yana cin ƙafa. Ba zai ce a ina ba. In ya yi, zai jefa shi cikin kwandon sayarwa, ya kurɓi shayinsa. Yabonsa ke nan. Kuma ya hana a gaya wa mai saye wanda ya ɗinka. Yakan ce wanda ya saya don tausayi sau ɗaya zai saya, wanda ya saya don ƙafarsa shi ke dawowa.

Damina ta farko gwiwoyina suka tsage, ruwan kwata ya shiga, suka yi miki. Ban faɗa ba. Wata safiya na tarar da wasu faifan fata guda biyu a wurin zamana, da maɗauri, daidai gwiwata. Na kalle shi. Ya ce, "Ragowa ce, zubarwa za a yi." Na san fata. Wadda yake ɓoyewa don takalman angwaye ce.

Sallamarsa iri ɗaya ce ga kowa. In ya ga yaro ya kai, shi zai ce masa, "Yi mini ɗaya." Yaron ya ɗinka takalmi daidai ƙafar Baba. Ranar Juma'a Baba ya sa, ya taka har masallaci, ya dawo. Ya zauna ya miƙe ƙafa a duba. In babu bororo, babu ja tsakanin yatsu, sai ya ciro sabuwar basilla daga aljihu ya miƙa, ya yi addu'a. Iyaye su raba goro da lemo da masa. Shi ke nan, ka zama mai kanka.

Kurma shekara huɗu ya yi. Na Buokrom biyar. Waɗanda suka same ni a shagon suka fita suka bar ni. Ɗinkina ya fi na kowa kyau, wannan ba yabon kai ba ne, Baba da kansa in aikin ado ya zo ni yake tura wa. Amma duk takalmin da na haɗa daga farko har ƙarshe, sai wuƙa. Yana ci. Yana ci. Shekara bakwai.

Sauran guragun sun ɗan taka ƙasa, wani da sanda, wani da ƙafa ɗaya. Ni ban taɓa ba. Da hannu nake gwada takalmi, don a hannu na san shi. In na zura tafina na danna, na ji laushi, sai in ce ya yi.

A shekara ta bakwai na gaji. Ban jira ya ce in yi masa ba. Na ɗinka a ɓoye, na aika wa uwata ta taso daga arewa. Ta sayar da akuyarta ta zo da goro, ta kwana a gidan kawu ta soya masa. Ranar Juma'a da safe na tura wa Baba takalmin a gaban uwata da maƙwabta. Na yi zaton kunya za ta hana shi ƙi. Wannan laifina ne.

Ya kalli uwata, ya gaishe ta. Ya zura ƙafa, ya taka sau uku, ya dawo ya zauna. Ya ɗauki wuƙa.

"Yana ci."

Na ce, "Shekara bakwai, Baba! Ina yake ci? Sau goma na sa hannuna, ba ya ci!"

Ya ce, "Hannu ka sa. Kai da ba ka taɓa taka ƙasa ba, ina za ka san abin da ƙafa ke ji?"

Uwata ta ja mayafi ta rufe kwanon masar. Duk duniya an faɗa mini irin wannan, a tasha, a mota, a bakin masallaci, ban damu ba. Daga bakinsa ne ban taɓa ji ba. Na sa silifa a hannu na fita. Bai kira ni ba. Ban waiwaya ba.

Maganar gaskiya ce. Amma ya iya kama yatsana tun shekarar farko ya nuna mini wurin. Bai yi ba, don shi ma ba a nuna masa ba. Wannan laifinsa ne, zan faɗa ko da yana kabari. Allah ya yafe masa, ya yafe mini.

Na samu lungu a Kejetia na kafa rumfa. Farko gyara kawai nake yi, don waɗanda suka sayi nawa ba sa dawowa. Sai na fara ba 'yan dako mata takalmi su sa, su da ke yini a kan ƙafa da kaya a ka, da sharaɗin su dawo da yamma su faɗa mini gaskiya. Wata Badagomba ce ta buɗe mini ido. Ta jefo mini takalmin ta ce, "Masta, wannan abu shina cizo kaman kare." Ta ware yatsun ƙafarta ta nuna mini inda fata ta saluɓe. Na ɗauki takalmin na duba. Daidai wurin nake haɗa bakin fatar hancin, ɗinkin na kallon ciki. A hannu wurin ba ya taɓa komai, don nauyin hannu a gindin tafi yake. Ƙafa kuwa gaba take turawa a kowane taku. Duk mai tafiya ya san wannan ba tare da an gaya masa ba. Ni sai da na shekara tara ina ɗinki.

Na juya ɗinkin waje. Daga nan na koma karatun ƙafa. Ni dai a ƙasa nake, ƙafar mutum nake fara gani kafin fuskarsa. Na koyi wadda ke taka gefe, da mai faɗin gaba, da mai kaushi. Mutane suka fara dawowa. Wasu ma ba sa zuwa, sai su karyo tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafarsu su ba ɗan aike. Akwai wata 'yar dako da ta kawo irin wannan tsinken har sau uku cikin shekarun nan, ta ce na wani tsoho ne, baƙi yake so, kada a yi ado. Na ɗinka na ba ta. Irin su da yawa.

Na ci, na sha, na kama ɗaki na kaina, na binne uwata da gumina. Ban sake miƙa hannu ga kowa ba. Wannan duk daga teburin nan ne, ban taɓa musu ba ko a zuciyata. Amma ni kaɗai nake zama a rumfar. Sau da yawa mace za ta tsaya da ɗanta a baya, ƙafafu na lilo, ta ce, "An ce kai ma haka kake, ka taimaka ka koya masa." Sai in ce, "Ba a sallame ni ba. Ki kai shi wajen tsohon Akwatia Line. Kada ki ce ni na turo ki."

Sau ɗaya na hango Baba cikin shekarun nan, ta tagar torotoro, motar haya, daga ƙirji zuwa sama. Gemun ya yi fari fat. Motar ta wuce. Kurma kan ziyarce ni, kuma sau da yawa ya shafa haɓa ya nuna ƙafa, yana son ya faɗa mini wani abu. Ni kuwa sai in kawar da kai. Kurma in ka kawar da kai, ka toshe masa baki.

Bayan sadakar bakwai na koma, ni kaɗai. An kwashe rumfunan. Shagon na rufe da kwaɗo. Na shiga tsakar gida na tsaya a ƙofar ɗakin Mma, labule tsakaninmu.

Ta ce, "Yara uku ya bari a shagon. Guragu biyu da wata kurma. Jiya uban ɗaya ya zo, ya ce in ba mai koyarwa zai mayar da shi bakin titi. 'Yan'uwanka kowa rumfarsa ta cika. Kai kaɗai ne ba ka da kowa."

"Ba a sallame ni ba, Mma."

"Haka kake ta faɗa wa mata a kasuwa. Kana zaton ba sa zuwa nan su faɗa?"

Ta turo wata leda ta ƙarƙashin labulen.

Takalma ne, ƙafa uku, baƙaƙe, ba ado. Ban buƙaci juyawa ba. Na san ɗinkina kamar yadda na san tafina.

Na farko sabo ne, ƙasansa ko ƙura babu. An yanke hancin da wuƙa, yanka ɗaya. Na duba, ɗinkin na kallon ciki. Na farkon zamana a Kejetia ne. Ni ma yau da an kawo mini shi, yankewa zan yi.

"Wannan daga ɗaki zuwa ƙofar gida ya kai shi," in ji Mma. "Ya dawo yana tsaki."

Na biyu ya cinye har tayar da ke ƙasansa ta fito. Na uku ma ya kusa.

"Na biyun ranar Juma'a ya sa. Ya je, ya dawo, ya zauna nan inda kake, ya miƙe ƙafa ya ce in duba. Na duba yatsa ɗaya-ɗaya. Ba komai. Na ce, to? Ya ce in kawo shayi."

"Yaushe ke nan, Mma?"

"Tun kafin a aurar da autata. Yanzu 'ya'yanta uku."

Na ce, "Me ya hana shi aiko mini?"

"Me ya hana ka zuwa? Shi yana cewa yaro ne ke zuwa wajen uba. Kai kana can kana jira tsoho ya zo ya ba ka haƙuri. Na yi magana har bakina ya gaji. Ku biyun kanku ɗaya, dutse."

Hannunta ya sake fitowa ta ƙarƙashin labulen. Basilla ce. Ba a taɓa aiki da ita ba, amma ƙotar ta yi baƙi da riƙo.

"Tun ranar take aljihun rigarsa ta Juma'a. Duk wanki sai na cire, duk Juma'a sai ya mayar. Ban san sau nawa ta soke ni ba. Karɓi, na huta."

Na ce, "Mma, shi bai miƙo mini ba."

"Ya sa, ya je, ya dawo, ni na duba ƙafar. Addu'a ce kawai ta rage. Ɗaga hannu."

Na ɗaga. Ta yi addu'ar daga bayan labule. Ba goro, ba lemo, ba masa. Uwata ba ta nan, shi ba ya nan. Ni kaɗai na ce amin.

Babban ɗan ne ya buɗe mini shagon kafin ya koma Accra. Ya nemi kujera bai samu ba, ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa. Ya shafa inda zarto ya ci ƙafar teburin, ya ce tun yana yaro yake zaton karyewa ta yi.

Yaran uku sun dawo. Ɗaya daga cikinsu ni na tura uwarsa nan shekara biyu da suka wuce, ta gane ni. A satin farko na yanke masa hancin takalmi. Na ji bakina ya ce, "Yana ci." Ya sunkuyar da kai. Sai na kira Kurma, na sa ya cire takalminsa, na kama yatsan yaron na ɗora tsakanin yatsun ƙafar. Na ce, "Nan. Ka ji? Nan yake ci."

Ni ba ni da ƙafar da zan kai takalmin yaro masallaci. Mun shirya da Kurma, in lokaci ya yi shi zai sa, ya je ya dawo, ni in duba. Ya dace. Shi ma ba zai ce komai ba.

Ya Allah, bawanka ya sauko ƙasa ya zauna da mu lokacin da kowa ke kallonmu daga sama. Ka ɗaga shi. Ka yafe masa kaifin harshensa, ka sa ƙasa ta yi masa laushi, ka ba Mma haƙuri. In akwai sauran magana tsakanina da shi, na sauke tawa.

Wurin zamansa a gefen teburin na nan, simintin ya yi santsi. Ban zauna a kai ba. Takalmin na biyu na ajiye a wurin. Kowane yatsansa ya bar gurbi a fatar, dunduniyar hagu ta fi cinyewa, alamar gwiwar da ke damunsa. In yaran sun fita cin abinci shagon ya rage ni kaɗai, nakan jawo shi in zura hannuna a ciki.

Na san hannu ba ya jin abin da ƙafa ke ji. Shi ke gare ni.